Faɗin Jirgin Cindo

Rumfar Gambo tana bakin ruwa a Yelwa, bayan inda mata ke shanya kifi, ɗan nesa kaɗan da wurin da jiragen Ngaski ke sauke albasa. Kafintan jirgin ruwa ne. Ya fi shekara arba'in yana haɗa kwale-kwale da katako da ƙusa, yana toshe ɓaraka da tsumma da kwalta. Masunta daga Shanga har Wara sun san aikinsa, sun ce jirgin da ya fito daga hannunsa ba ya karkata. Shekararsa sittin da uku. Gajere ne, mai kaurin hannu, kuma ba ya son dogon zance in yana riƙe da gizago.

A ƙuryar rumfar, sama da inda ruwan damina ke kaiwa, ya kafa wani katako tsakanin ginshiƙai biyu. Ƙananan jirage shida ne jere a kai, an lulluɓe su da tsohon zane. Kowanne tsawonsa inci ashirin da huɗu, da 'yar rumfarsa, da sanda tsaye a tsakiya mai ɗauke da ƙyalle kamar tafin hannu. Baƙi kan tambaya ko na sayarwa ne. Ba na sayarwa ba ne. Dukansu jirgi ɗaya ne Gambo ya yi ta ƙoƙarin maidowa, kuma duk shidan an ce masa ba shi ba ne.

Jirgin na mahaifinsa ne, Cindo, manomin albasa a wani tsibiri da ake kira Gungun Tsamiya, a tsakiyar kogin Kwara. Cindo da hannunsa ya haɗa shi. In an cire albasa sai ya loda ta, ya ƙara da busasshen kifi, ya ɗauki matarsa Lami da 'ya'yansa biyu, su haura ruwa zuwa wajen Gaya ta ƙasar Nijar. Tafiya da dawowa kan ci wata biyu. A cikin jirgin ake girki, a ciki ake kwana. In iska ta taso sai ya ɗaga ƙyalle ta tura su, in ta kwanta ya koma tura shi da gwangwala.

A shekarar 1968 aka rufe dam ɗin Kainji, ruwa ya fara hawa. An riga an gaya wa mutanen tsibirin su tashi, an gina musu gidaje a tudu a ƙasar Ngaski. Lokacin jirgin Cindo yana yoyo ta baya, an jawo shi gaɓa ana jiran a toshe. Da ranar tashi ta zo, iyalin suka ƙetare a ƙananan kwale-kwale, Cindo kuma ya ɗaure babban jirgin da sarƙa a gindin tsamiyar da garin ya ci sunanta. Nan yake ɗaure shi kowace shekara. Tun zamanin kakansa ambaliya ba ta taɓa wuce saiwar wannan bishiya ba, saboda haka bai saki sarƙar da tsawo ba. Ya ce kwana uku zai dawo. Zazzaɓi ya kwantar da shi mako uku. Da ya samu sauƙi aka kai shi wurin, rassan sama kawai suka tarar a kan ruwa. Sarƙar ta riƙe, jirgin ya kasa tasowa.

Cindo bai sake haɗa wani ba. Ya rasu bayan shekara huɗu, Lami ta bi shi bayan goma sha ɗaya. Ba wanda ya taɓa ɗaukar hoton jirgin.

Gambo yana da shekara bakwai lokacin. Abin da ya rage masa kaɗan ne. Yana tuna warin albasa da ya shiga katako, da ƙarar da ƙyallen ke yi in iska ta cika shi farat ɗaya. Siffar jirgin kuwa ba ya ganinta. Ya ce in ya rufe ido sai ya ga kamar gida ne guda, amma ga yaro ɗan shekara bakwai kowane jirgi gida ne.

Wadda ta san jirgin ita ce yayarsa Altine, wadda ta girme shi da shekara takwas. Ita ke wanke tukwane a ciki, ita ke kwashe ruwa da ƙwarya kowace safiya. Tana zaune har kwanan baya a garin da aka gina musu, wanda mutanensa har yau suke kira Gungun Tsamiya ko da yake ba tsibiri ba ne, babu kuma tsamiyar. Idonta ya fara dushewa tun tana da shekara hamsin da wani abu, daga baya ya rufe gaba ɗaya. Duk waɗanda suka yi tafiyar Gaya da Cindo da wayonsu sun ƙare. Ita kaɗai ta rage.

Maganar ƙananan jirage ta faro ne daga Malam Enoch, tsohon malamin zane a wata makarantar koyon sana'a, mutumin ƙasar Zuru da ya yi ritaya ya zauna a Yelwa. Ya zo rumfar wata rana neman guntayen katako, ya tsaya kallon yadda Gambo ke lanƙwasa gefen jirgi ba tare da ya auna komai ba. Washegari ya dawo da littattafai uku a cikin leda. Wani malami Bature da suka yi aiki tare ne ya bar masa su da zai koma ƙasarsu. Littattafai ne na koyar da yadda ake sassaƙa ƙananan kwafin tsofaffin jiragen teku masu tafiya da iska, kuma a bayan kowanne akwai manyan takardu a naɗe, da zanen jirgin da awonsa.

Gambo ba ya karanta Turanci. Yana karanta ajami, ya san lambobi. Malam Enoch ya shimfiɗa takardar a kan wani kwale-kwale da aka kife, ya nuna masa cewa jirgi ɗaya ne aka zana sau uku: daga gefe, daga sama, daga goshi. Ya nuna masa yadda ake rage girma, kowace ƙafa ɗaya ta ainihin jirgin ta koma rabin inci. Gambo ya ce wannan ita ce rana ta farko da ya san ana iya ajiye jirgi a takarda. A wata bakwai ya haɗa guda mai sanduna uku da igiyoyi fiye da ɗari. Jirgin yana nan a falon Malam Enoch, kuma matarsa Christiana tana ƙorafin cewa ya fi duk kayan ɗakin tara ƙura.

Ranar da ya kai masa shi ne Gambo ya yi tambayar da ta daɗe a ransa, ko akwai irin namu a cikin littafi.

Sai da aka shekara biyu kafin a samu amsa. Wani tsohon ɗalibin Malam Enoch da ke aiki a wani ɗakin karatu a Zariya ya aiko da fotokwafin shafi goma sha ɗaya daga wani tsohon littafi kan jiragen kogi. A shafi na bakwai akwai zanen babban jirgin fatauci na Kwara, mai rumfa da sandar ƙyalle, an auna shi ta kowane gefe. Tsawo ƙafa arba'in da takwas, faɗi ƙafa huɗu da rabi. Gambo ya taɓa jin wani dattijo ya ce jirgin Cindo gaba takwas ne, wato buɗe hannuwa biyu sau takwas. Malam Enoch ya yi lissafi, ya ce ya zo daidai da ƙafa arba'in da takwas. Suka tabbata sun samu.

Takardun nan suna cikin akwatin ƙarfe, a cikin leda biyu, saboda gara da laima. Gefensu ya yi baƙi da yatsu.

Na farko ya ci wata huɗu. Gambo ya naɗe shi a zane, ya shiga jirgin inji, tafiyar awa ɗaya da rabi, ya kai wa Altine. Ta ɗora shi a cinya. Ta bi gefensa da yatsa daga goshi zuwa baya, ta taɓa sandar, ta cusa yatsu biyu ƙarƙashin rumfar. Ta daɗe. Sannan ta miƙa masa.

"Jirgi ne mai kyau," in ji ta. "Na wani ne."

Ya tambaye ta me ya rage. Ta ce ba ta sani ba, ya dai matse. Ya tambaye ta kamu nawa ne daga goshi zuwa sanda, taƙi nawa ne zurfinsa. Ta ce ita tukwane ta wanke, ba ta auna komai ba.

Ya ɗauka rumfar take nufi, sai ya ɗaga ta a na biyu. Ta ce har yanzu. A na uku ya matsar da sandar gaba don a samu fili. A na huɗu ya bar gam da ƙusa, ya ɗinke katakan da zare kamar yadda aka nuna a shafi na tara, aikin da ya ci masa damina guda da rabin ganinsa. Altine ta yaba ɗinkin, ta ce haka Baba ke yi, amma jirgin ba nasu ba ne. Na biyar ya ƙara masa zurfi. Na shida ya sa masa murhu na yumɓu kamar ƙwayar gyaɗa da 'yar tukunya a kai. Ta yi dariya har da hawaye, ta riƙe tukunyar tsakanin yatsu, sannan ta faɗi abin da ta saba faɗa.

Abu ɗaya ne bai taɓa canzawa ba a duk shidan: tsawo da faɗi. Waɗannan a rubuce suke. Malam Enoch ya tsaya a kan cewa wanda ya yi zanen da tef ya auna, ba da tunanin yarinya ba, kuma in aka fara taɓa awon littafi to an bar aiki an shiga tatsuniya. Gambo bai musa ba. Shi da ya shekara arba'in yana haɗa jirgi da ido, ya zama ba ya yanka ko tsinke sai ya duba takarda. Su biyun sukan yi wa juna tsiya a kan haka. Malam Enoch na kiransa Injiniya, shi kuma yana kiransa Mai Rula.

Shekara goma sha ɗaya aka yi ana wannan kai da kawowa. Bayan na shida Gambo ya dakata. Ya fara tunanin ko Altine ma ta manta, ko kuma abin da take nema ba a katako yake ba.

A farkon bana ƙafafun Altine suka fara kumbura, numfashi ya yi mata wuya. Ɗanta Rabi'u, ma'aikaci a Minna, ya yanke shawarar ɗauke ta ta koma wurinsa, kusa da asibiti. Ba wanda ya faɗa a fili, amma kowa ya san ba tafiyar dawowa ba ce. Aka sa rana, mako uku bayan ƙaramar Sallah. Gambo ya san abin da wannan ke nufi a gare shi. Daga ranar da ta bar bakin ruwa, babu sauran mai taɓa jirgi ya ce shi ne ko ba shi ba ne.

Kwana goma sha tara kafin tafiyar ya je gaishe ta, da ƙullin kifi, ba jirgi. Ya tarar Rabi'u ya zo da motarsa don ya fara kwasar kaya. Bayan azahar Rabi'u ya ari tef ɗin da ke aljihun kawunsa, ya buɗe ƙofar bayan motar ya auna kujerar. Bayan mahaifiyarsa ba zai jure zaman doguwar hanya ba, yana so ya ga ko za ta iya miƙewa a kwance. Altine tana zaune a tabarma a inuwar gida, ta ji ƙarar tef ɗin, ta tambayi me ake aunawa. Da aka gaya mata sai ta yi murmushi.

"Ashe gado ne," in ji ta. "Haka Baba ya yi wa Innarmu."

Gambo ya tambaye ta yaushe.

Ta ce lokacin da ake haɗa jirgin mana. Tana da shekara takwas, Innarsu kuma tana ɗauke da cikinsa, cikin ya tsufa. A tsohon jirginsu Lami ba ta iya kwanciya sai ta naɗe ƙafa, kuma doguwar mace ce, duk tafiyar Gaya da ciwon ƙugu take dawowa. Ranar da Cindo zai fara sabon jirgi sai ya kira ta bakin ruwa, ya ce ta kwanta a kan rairayi. Ta ƙi, don akwai maza a wurin. Ya kore su. Ta kwanta, ya kafa turke a saitin kanta, ya kafa wani a saitin diddigenta, ya ƙara taƙi ɗaya, ya ce faɗin ke nan. Mutanen tsibirin sun yi wata guda suna yi masa dariya. Sun ce akushi yake sassaƙawa.

Gambo ya zauna a ƙasa.

"Yaya, shekara goma sha ɗaya. Don mi ba ki taɓa faɗa mani ba?"

"Ka tambaye ni? Kullum kamu nawa, taƙi nawa. Ni na san kamu? Na ce maka ya matse."

Saura a san tsawon Lami. Babu hotonta, babu rigarta. Amma Altine ta ce shekarar da aka yi mata aure mata sun tsayar da su baya da baya, ita da Innarsu, aka ɗora faifai a kansu bai karkata ba. Ta ce a auna ta.

Nan Rabi'u ya ɓata rai. A ƙasar nan sau ɗaya ake auna mutum a kwance, da karan dawa, a kai wa masu haƙa kabari. Ya ce wa kawunsa wannan ba abin yi ba ne, ga ta ba lafiya, ga maƙwabta na kallo. Gambo ma ya fara naɗe tef ɗin. Altine ta riga ta fara gyara zanenta.

"Kai Rabi'u, kara ka gani a hannunsa? Tef ne na kafinta. Ranar kara in ta zo ba a neman izninka, ba a neman nawa. Kama ni in kwanta."

Ya kama ta. Ta miƙe a kan tabarma iyakar yadda bayanta ya yarda. Gambo ya durƙusa, ya sa bakin tef ɗin a diddigenta, ya ja zuwa kanta. Ƙafa biyar da inci bakwai. Ta ce ya ƙara yatsu uku, tsufa ya ci wannan. Sai maganar taƙin Cindo. Ta ce ya ba ta hannunsa. Ya buɗe tafinsa, ta bi daga babban yatsa zuwa na tsakiya, ta ce na Baba ya ɗan fi, amma kaɗan. Gambo ya rubuta da fensir a bayan kwalin magani. Da aka haɗa duka, ƙafa shida da rabi.

Washegari da hantsi ya kai wa Malam Enoch kwalin. Malam Enoch ya sa tabarau, ya duba, ya cire.

"Injiniya, wannan ba jirgi ba ne, falo ne."

Ya ce jirgi mai wannan faɗin zai yi nauyin hawan ruwa, mai gwangwala zai sha wuya, duk wanda ya tashi tare da shi zai riga shi isa. Gambo ya ce haka Altine ta faɗa. Kullum su ne na ƙarshe a kasuwar Gaya, sai albasar kowa ta ƙare tasu ke isowa, kuma Cindo bai taɓa damuwa ba. Malam Enoch ya ɗauko rula. Ƙafa biyu ne bambancin da littafi. A ƙaramin jirgi, inci ɗaya.

Malam Enoch ya gaya mini daga baya cewa littafin bai yi ƙarya ba. Wanda ya yi zanen jirgin da ya gani ya auna, kuma ya auna daidai. Jirgin wani mutum ne kawai, wanda ba a san ko yana da mata doguwa ba.

Inci ɗaya ba a ƙara shi a jikin jirgin da aka riga aka haɗa. Komai sai ya sake: lanƙwasar gefe, haƙarƙarin ciki, bakan rumfa, inda sanda za ta zauna. Malam Enoch ya kwana biyu yana sabon zane a bayan tsohuwar kalanda, daga gefe, daga sama, daga goshi. Wannan ne karo na farko da ya zana abin da babu shi a littafi, kuma ya yi ta gunaguni har ya gama. Gambo ya mayar wa masunta biyu aikinsu, ya ce su yi haƙuri ko su kai wa wani. Ya tsaga wani guntun maɗaci da ya daɗe yana ɓoyo. Daga an sallame asuba har rana ta yi ja yana zaune a bakin rumfa inda haske ya fi, da allura da zare, yana ɗinke katakai masu kaurin farce. Aikin wata huɗu ya yi shi a kwana goma sha shida. Ya ce ɗinkin bai kai na huɗu kyau ba, akwai wuri biyu a baya da in an duba za a ga gaggawa.

Abu na ƙarshe da ya yanka shi ne wani siririn tsinke na gora, tsawonsa inci uku ba kaɗan. Tsawon Lami ke nan in an rage shi kamar yadda aka rage jirgin. Ya sa shi a aljihun gaba.

Ranar tafiya Gambo ya shiga jirgin inji na farko. Ya isa an riga an ɗaure kaya a saman mota, an shimfiɗa bargo a kujerar baya, mata sun cika tsakar gida ana sallama. Altine tana kan kujera a ƙofar ɗaki, da sabon mayafi. Ta ji muryarsa ta ce ta ɗauka ruwa ya tafi da shi. Ya durƙusa ya kwance zanen, ya ɗora mata jirgin a cinya.

Ta fara kamar kullum, daga goshi. Yatsanta ya bi gefe, ya zo tsakiya, ya tsaya. Ta buɗe tafinta ta kifa a kan faɗin. Ta cusa yatsu ƙarƙashin rumfar, wannan karon uku suka shiga. Gambo ya sa mata tsinken a ɗaya hannun, ya gaya mata ko mene ne. Ta juya shi, ta laluba, ta kwantar da shi a gicciye ƙarƙashin rumfar. Ya kwanta, da ɗan sauran fili a wajen kai.

Sannan ta fara nunawa da yatsa, a hankali, kamar mai yi wa baƙo kwatance.

"Nan nika kwana, bayan Inna. Kai kana nan wajen tukunya, kullum da majina. Baba na can baya. In iska ta zo sai ya ce, Altine, kama igiya."

Ta kama zaren da ke riƙe da ƙyallen, ta ɗan ja.

Gambo ya miƙa hannu don ya karɓa, kamar yadda aka yi sau shida. Ya riga ya share wurinsa a kan katakon rumfa. Altine ba ta miƙo ba. Ta ja gefen mayafinta ta rufe shi, ta ce wa Rabi'u ya kama ta su tafi, rana na yi. A motar ta kwanta a kan bargon da ƙafafunta a naɗe, don kujerar ba ta kai ba, jirgin kuma a kan ƙirjinta. Tsinken ma bai dawo ba.

Na tambayi Gambo ko ta ce shi ne. Ya yi tunani, ya ce a'a, ba ta faɗa ba. Ya ce bai kuma tambaya ba.

Jirgin bai kwana a rumfarsa yana gamamme ko sau biyu ba, kuma cikin gaggawa bai tuna ya sa an ɗauki hotonsa ba. Abin da ya rage masa shi ne kalandar Malam Enoch, wadda yanzu take cikin akwatin ƙarfe tare da shafuka goma sha ɗaya. A gefen shafi na bakwai, kusa da inda aka buga ƙafa huɗu da rabi, ya rubuta da ajami: faɗi, tsawon Inna da taƙi ɗaya.

Altine tana Minna. Rabi'u kan haɗa su a waya ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Muryarta ta ragu. Ta ce garin ba iska, kuma ruwan famfo ba ya da ɗanɗanon komai. Jirgin yana kan gadonta ta wajen bango, ba ta bari jikoki su taɓa. A wayar da suka yi ta ƙarshe ta ce ta tuna wani abu: akwai wani ƙaramin katako a baya, ta hagu, inda Baba ke ɗora ƙafa in yana tura gwangwala, ya lotsa a tsakiya. Gambo ya ce ta tsaya ya nemo fensir.

Ya fara na takwas, nasa na kansa. Ba ya sauri. Ya gama gindin, ya kafa haƙarƙari huɗu, ya yanka ɗan katakon na hagu ya goge tsakiyarsa har ya lotsa. Ya ce bai san ko ya yi zurfin daidai ba. Zai kai mata ta taɓa in ya samu motar Minna, in Allah ya sa da rabon haka. Da la'asar, in aiki ya lafa, yakan ɗauki kujerarsa ya koma bakin gaɓa, ya fuskanci kudu, inda ruwan ke buɗewa. Daga Yelwa ba a hango wurin da tsamiyar take. Masunta sun ce har yanzu ragarsu kan maƙale a can.